Tike Mai Lamba Sha Huɗu

Tasawa, ran Litinin

Zuwa ga Yaya Zara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina jego, ina Umaima, ina zafin nan da ya sako mu gaba? Ki gaida surukarki Inna tsohuwa, da Jummai matar wan mijinki. Ban kira ki ba don na san talhon gidanku a hannun surukarki yake kwana, in an kira kuma sai ta buɗe murya duk tsakar gida ya ji, har awaki. Wagga magana kuwa na gaji da jin ta a bakin mutane. Ga ta a takarda, Kawu zai miƙa miki kamar kullum.

Yaya, wai farfaɗiya gare ni.

Zauna ki ji. Kafin ki haihu wasu masu bincike sun sauka nan daga Maraɗi, suka ce suna son direbobi da mutanen tasha, za su duba yadda ido yake aiki da ƙwaƙwalwa. Wanda ya zo za a auna mishi ido kyauta. Kawu ya ce zai je ko ya samu tabarau, ni kuma na bi shi don son ganin na'ura, kin san halina. Da safe aka rubuta sunayenmu aka ba kowa tike mai lamba, aka ce mu jira a inuwa.

Ciki ɗaki ne mai duhu. Wata Madam Ilham ta sa mini hula mai ƙananan maɓallai, kowane da wayarshi, ta shafa wani abu mai sanyi kamar kamu a ƙarƙashinsu. Ta ce ƙwaƙwalwa lantarki gare ta. Na ce mata ni gyaran rediyo da talho nake ci da shi, kada ta koya mini lantarki. Ta yi dariya ta ce hular ba ta sa wuta, saurare kawai take. Aka nuna mini zane baƙi da fari yana juyawa, aka ce in bi wani ɗigo da ido, dama, hagu, sama. Daga ƙarshe aka kunna fitila tana ƙyaftawa, a hankali, sannan da sauri. Na leƙa allonta na ga layuka suna tahiya kamar sawun ƙadangare a rairayi. Shi ke nan. Na wanke kaina na koma rumfata.

Shekaranjiya wasiƙarsu ta zo tasha a ambulan da sunana. Faransancina kin san shi, na kwalin magani ne da tsohon kayenki, littafin nan na lekol, bai kai na lokotoro, wato likita, ba. Sai na kai wa Almustapha mai yankan tike. Wannan shi ne wautar da na yi a shekarar nan. Mutumin ya gyara murya kamar mai shela a kasuwa, ya fassara wa duk wanda ke da kunne. Wai da fitila ta yi sauri ƙwaƙwalwata ta birkice, fatar idona ta yi rawa, ƙwayar ido ta haye sama, na ɗauke sakan shida ban san inda nake ba. Wai kada in tuƙa mota, kada in hau sama, kada in leƙa rijiya, sai na ga likita.

Ƙarya ce, Yaya! Ni fa ƙirga ƙyaftawar nake yi, ina son in gane irin fitilar. Ko sakan ɗaya bai ɓace mini ba. Har tambayar matar na yi ko batir take ja.

Yanzu ki zo ki ga Tasawa. Mai shayi ya ware mini kofi, ya ɗaura mishi jan zare a hannu. A masallaci sahu ya yi mini faɗi dama da hagu, wai miyau ne ke ɗaukar abin. Wata mata ta zo karɓar rediyonta ban gama gyara ba, ta kama shi da bakin zane. Permi na tuƙin mota da nake ta karatunshi kuwa, Almustapha ya ce in nemi na amalanke, shi ma in jaki ya yarda. Na faɗa mishi abin da ba zan rubuta miki ba kina jego.

Kawu kuwa? Yana wurin aka karanta. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce in yi haƙuri, ya shiga motarshi. Mutumin da ya riƙe mu tun rasuwar Inna, ko "ƙarya kuke" bai iya cewa ba.

Ki yi mini addu'a kada in fasa wa wani baki. Ki sumbatar mini Umaima.

Ƙanenki,
Fahad


Kanan-Bakashe, ran Laraba

Ƙanena Fahad,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, jego alhamdu lillahi. Umaima yau kwananta ashirin da biyar, tana da bakinka, ba ta raina abin kuka. Inna tsohuwa tana amsawa. Ta riga ta ba da Umaima ga Hashim ɗan Jummai, ango ɗan wata huɗu, kullum sai ta kwantar da su tabarma ɗaya ta ce a zo a ga amarya da ango.

Na karanta takardarka sau uku, na yi kuka a ta farko. Ni na goye ka. Ban taɓa ganin ka faɗi ba sai in kai ka hau abin da aka hana ka. Amma don Allah ka riƙe harshenka. Duk zagin da ka yi, cewa za su yi ciwon ne. Ka rubuta wa matar nan cikin ladabi ka tambaye ta, in kuskure ne ai mutane ne su ma.

Kada ka riƙe Kawu a zuci. Ka san shi ba mai magana ba ne, kuma yana ji da kai. Ran suna, a gaban maza, yabonka ya yi ta yi. Ya ce ran da kuka je wurin hular nan kai lambarka tana gaba, tashi tana can baya, ga mota tana jiran lodi. Ya ce bai roƙe ka ba, kai ka zo ka durƙusa ka ce ba za ka shiga gabanshi ba, ka karɓi tiken shi ka ba shi naka. Ya ce duk kaifin bakin yaron nan, ya san babba. Har na ji daɗi.

Shi ma kwanan nan ba ya cikin natsuwa. Madubin motarshi na dama ya karye, ya ce reshe ne. Amma Usman mai moto, maƙwabcinmu mai babur ɗin nan, ya ce wa Jummai amalanke ya goga wajen Garin Amani, har jakin ya yi ɗingishi. Shekara talatin ana ce mishi Mai Nasara don bai taɓa ko kaza ba, ka ga dole abin ya tsaya mishi.

Ya ce ran da na yi arba'in shi da kanshi zai ɗauke ni da Umaima zuwa yawon arba'in Tasawa, gidan gaba namu ne, ba zai sayar wa kowa ba. Saura sati biyu in ganka. Ka ci abinci.

Allah Ya kawo mana sauƙi.

Yayarka,
Zara'u


Tasawa, ran Juma'a

Zuwa ga Madam Ilham, wurin masu binciken ido da ƙwaƙwalwa, Maraɗi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina aiki. An ce in rubuta miki cikin ladabi, to gaisuwar nan ita ce ladabin, saura kuma ki yi haƙuri da shi.

Ni ne Fahad mai gyaran rediyo, wanda kuka aiko wa takarda cewa yana da farfaɗiya. Yanzu a garinmu ko kofi ba a haɗawa da ni. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba, da shi ne da zagi kawai za ki samu.

Tambaya ɗaya gare ni. Da kuka sa wa mutum hula, sunanshi kuka tambaya ko lambar hannunshi kuka duba? Don da safe ni aka rubuta a sha huɗu. Amma ba ni na shiga da sha huɗu ba. Na ba kawuna, ni na shiga da talatin da ɗaya. Ku da kuka zo auna kan mutane, ba wanda ya faɗa muku cewa a nan yaro ba ya shiga ɗaki ya bar wanda ya raine shi zaune a rana? Rabin layin nan an yi musanya. Ni dai nawa na sani.

Kawuna direba ne. Mutum sha takwas yake ɗauka, ban da yaran cinya da kaji. Kullum da hantsi yana shigowa Tasawa daga Kanan-Bakashe.

Daga jiya zuwa yau na ƙona talhon mutane biyu. Ki faɗa mini gaskiya: kan wa kuka ji yana birkicewa? Kuma a waje, inda ba fitilarku, mi zai iya tada abin?

Ki ba direban da ya kawo miki wagga amsa, gobe yake juyowa.

Na gode, in akwai abin godiya.

Fahad


Maraɗi, ran Asabar

Malam Fahad,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu wasiƙarka, na kuma nuna wa lokotoron da ke shugabantar aikin. Kafin komai ina ba ka haƙuri. Kuskuren namu ne.

A ƙa'idar aikinmu na'ura ba ta sanin suna, lamba kawai take ɗauka, don a ɓoye sirrin mutane. Rajistar sunaye tana hannun wani dabam, sai an gama karanta sakamako ake haɗa lamba da suna. Ni da ke cikin ɗakin ban taɓa ganin rajistar ba. Da na gan ta, da na san mai lamba sha huɗu shekararsa ashirin da huɗu aka rubuta, alhali wanda ya zauna a gabana dattijo ne mai furfura a gemu.

Na tuna ka, kai ne ka tambaye ni batir. Lamba talatin da ɗaya ba abin da aka gani a kansa. Na kuma tuna dattijon. Da fitila ta kai wani sauri sai layukan duka suka tashi tare, ido ya haye sama. Na kashe fitilar na ce, "Baba, lafiya?" Bai amsa ba sai can. Ya ce tasbihi yake yi, ya ce mota na jiransa, ya fita.

Game da tambayarka ta biyu. Ga mai irin wannan lalura, ba sai fitila ba. Duk hasken da ke yankewa yana dawowa da sauri yana iya tayar da ita. Wanda aka fi sani shi ne hasken rana ta tsakanin itatuwa, in mutum yana cikin mota da gudu, da safe ko da yamma. Wasu sukan gano da kansu cewa rufe ido ɗaya yana rage abin, amma ba abin dogara ba ne, musamman in akwai gajiya ko ƙarancin barci. Akwai magani, kuma da yawa suna samun sauƙi.

Ba ni da ikon karɓe wa kowa makulli, kuma ba zan iya sauya takarda ba sai an sake aunawa. Za mu dawo Tasawa yini ɗaya, ran Alhamis ta sama, ba mai zuwa ba. Ku zo ku biyu, wannan karon da suna da fuska. Amma ka faɗa masa daga bakina: wanda ya zauna a lamba sha huɗu kada ya tuƙa mota ko sau ɗaya kafin ranar.

Allah Ya tsare.

Ilham


Tasawa, ran Talata

Yaya Zara'u,

Salamu alaikum. Ina jego, ina ɗiyata. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa kafin ki ci gaba.

Tiken da Kawu ya yabe ni a kanshi, shi ne. Takardar ba tawa ba ce, tashi ce. Matar ta tabbatar, ga wasiƙarta na haɗo miki. Ki karanta wurin da ta yi maganar itatuwa, sannan ki tuna layin itatuwan bedi na Garin Amani.

Kin tuna muna yara in ya ɗauko mu? Da an doso layin sai ya ce kowa ya yi shiru, wurin na da masu shi, ba a magana. Ya jawo hularshi ya rufe idon hagu. Har yau haka ake. Duk wanda ya saba shiga motar Mai Nasara ya san ba a tari a layin bedi, mata har rufe wa yara baki suke. Mun ɗauka aljannu ake girmamawa. Yaya, ba aljani ko ɗaya. Shi ya ƙirƙiro shirun, don kada wani ya yi mishi magana ya ji bai amsa ba.

Ban yarda da takarda kaɗai ba, takarda ta riga ta yi mini ƙarya sau ɗaya. Jiya da sassafe na hau moto zuwa Garin Amani na tsaya bakin hanya. Da ya iso ya gan ni sai fuskarshi ta sauya, amma ya tsaya. Na matsa gidan gaba kusa da wani mai buhun gujiya.

Bedin nan sittin da uku ne, na ƙirga, duk a hannun gabas. Rana ta taso daidai tsayin rassansu. Muna shiga hasken ya fara sara mana fuska, haske, inuwa, haske, inuwa, daidai irin fitilar matar nan. Mota ta yi tsit. Ya ja hula. Ni kuma idon dama nake kallo, wanda bai rufe ba.

Wajen itace na ashirin fatar idon ta fara rawa kamar fiffiken fara. Baƙin ya haye sama, sai fari. Hannunshi na kan sitiyari amma ba kowa a cikin hannun. Na ƙirga a zuci. Ɗaya, biyu, uku. Mota ta fara jan dama a hankali, taya ta sauka rairayi. Huɗu, biyar. Mai gujiya yana ta jan carbi, ya rufe nashi idon don tsoron aljannu. Shida, bakwai. Na kai hannu zan kama sitiyarin, sai ya dawo, ya murza, muka hau hanya. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Yau masu wurin sun ja mu." Aka yi ta salati.

Bakwai, Yaya. A takarda shida ne.

Da aka sauke kaya na same shi bayan mota yana zuba ruwa a lagireto. Na durƙusa yadda ya koya mini, na ce, "Kawu, na ga idonka."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ka ga mi?"

Na ce, "Takardar da Almustapha ya karanta, ka san ta wa ce."

Ya rufe murfin, ya goge hannu, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Tun ina karen mota nake da shi. Da ƙyaftawa ɗaya ce, ta wuce. Shekara talatin ban zubar da jinin kowa ba."

Na ce, "Kana tsaye aka ɗaura wa kofina zare."

Ya ce, "Kai yaro ne, Fahad. Shekara biyu an manta. Ni in aka faɗa yau, gobe wa zai shiga motata? Gida uku ke ci a tayar nan. Da ita na yi wa yayarka aure. Ka riƙe mini sunan nan kaɗan, kamar yadda ka riƙe mini layi."

Kin ji? Kamar yadda na riƙe mishi layi!

Kin ce in riƙe harshe, ban riƙe ba. Na fito tsakiyar tasha na faɗa da ƙarfi, na ɗaga wasiƙar matar. Almustapha ya ce, "Jama'a ku matsa, abin ya motsa." Wani ya ce kawo tabarma kada ya fasa kai. Sarkin tasha ya kira ni ɗan da ba shi da albarka, mai son shafa wa uban riƙonshi ciwonshi. Na ce a karanta wasiƙar, aka ce ni na rubuta abina, ai kowa ya san na iya rubutu. Shekara goma ina koya wa kaina karatu a kan kwali, ranar da ya kamata ya yi mini amfani sai ya zama shaida a kaina. Kawu yana zaune a mota. Fasinja suka cika ta har da na tsaye.

Na kwana ina tunanin gatari. Sittin da uku ne, kafin in kada biyar an kama ni.

Ki lura da ranar da matar ta sa: Alhamis ɗin arba'in ɗinki ce. Kada ki shiga motar nan. Kada ki sa Umaima a ciki. Ki ce ba ki da lafiya, ki ce kin yi mafarki, ki ce duk abin da kika ga dama.

Ba ni da wanda zan ba wagga takarda yau sai shi. Zan miƙa mishi, ya san abin da ke ciki. In ta iso gare ki a liƙe, to da sauran Kawun da muka sani.

Ƙanenki,
Fahad


Kanan-Bakashe, ran Lahadi

Fahad,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ta iso a liƙe.

Kwana huɗu tana aljihun Kawu kafin ya kawo. Jiya da la'asar ya shigo, ya gaida Inna tsohuwa, ya ɗauki Umaima ya yi mata wasa. Sannan ya ce in fito zaure. Ya miƙo mini ambulan ta yi laushi da zufa, ya ce, "Ni boko bai gan ni ba. Karanta mini, kada ki tsallake ko ɗaya."

Na karanta mishi, Fahad. Har wurin kofi, har wurin da ka ce ba kowa a cikin hannunshi. Ina tsayawa yana cewa ci gaba. Da na kai inda ka ce kada in sa Umaima, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kanshi a buɗe ba sai jiya. Duk ya yi fari.

Ya ce, "Bakwai ya ce?" Na ce bakwai. Ya ce, "Ni ban san tsawonshi ba. Ni a wurina itace na ashirin ne, sai in ga na talatin."

Na roƙe shi da sunan Inna. Na ce matar ta ce akwai magani. Na ce ya ba wani motar ya ja har Alhamis. Ya ce in ya ba wani ko yini ɗaya bayan abin da ka yi a tasha, ya amsa ke nan, kuma ba zai amsa a bakin Almustapha ba. Ya ce in zai sauka, da ƙafarshi zai sauka, a gaban likita.

Ga abin da muka tsaya a kai. Ran Alhamis zai zo a sa mishi hular da sunanshi. In ta nuna abin da ka ce, zai tsaya a tasha ya faɗa da bakinshi cewa takardar tashi ce, ya tsinke zaren kofinka da hannunshi, ya ajiye makulli. Ya rantse. Ni kuma na yi mishi alkawarin ba zan faɗa wa kowa a garin nan ba kafin ranar. Daga yau zuwa Laraba ya yarda ya riƙa tashi da rana tsaka, lokacin da inuwa ke ƙarƙashin itace, zai ce wa mutane taya yake jira.

Amma Alhamis matar da safe take aiki, kuma ya ce shi zai ja motarshi zuwa can. Na ce ya hau moton Usman. Ya ce Mai Nasara ba zai shiga Tasawa a bayan wani kamar buhu ba, ranar da zai bar hanya. Mutum sha bakwai sun riga sun kama wuri.

Kada ka zage shi a amsarka. Ina jin tsoro ya ishe shi.

Yayarka,
Zara'u


Tasawa, ran Talata

Yaya,

Salamu alaikum. Ba zan zage shi ba, na gaji. Zaren kofi ya zauna har in mutu, ban damu ba, ki faɗa mishi na yafe, na riƙe sunan. Ya bar motar kawai.

In ya ƙi, ki karya alkawarin. Ki fita ki faɗa wa mutanen nan sha bakwai. Ni na faɗa an ce ciwo ne, ke za a ji ki. In kuma kunya ba za ta bar ki ba, to ki zauna a gida. Arba'in ba farilla ba ce.

Na san ki. Na san abin da kike saƙawa, tun muna yara ke ce mai shiga tsakani. Sitiyarin nan yana da nauyi, Yaya, ni da nake namiji ban tabbata zan iya murza shi daga gefe ba. Kada ki yi.

Na ba Usman wagga a kasuwa, ba ta bi ta hannun Kawu ba. Ki amsa mini ta hannunshi.

Ƙanenki da ba shi da kowa sai ke,
Fahad


Kanan-Bakashe, Alhamis da sassafe

Ƙanena,

Amin wa alaikumus salam. Usman zai riga mu tashi, shi zai ba ka wannan.

Na faɗa wa Kawu ka yafe. Ya yi hawaye, bai ba da makulli ba. Na je wurin mata uku daga cikin fasinjan na karya alkawarina. Suka ce jego ne ya taɓa ni, ɗaya ta ce ashe abin na gidanmu ne. Duk sun shiga, da yaransu.

A motar nan ni kaɗai na san inda ake kallo. Zan zauna a gaba, jikinshi. Ya nuna mini birkin hannu. Na ce mishi yau ba shiru a layin bedi, zan yi ta kiran sunanshi tun daga itacen farko, shi kuma ya yi ta amsawa. Ya ce to.

Umaima ba ta cikin tahiyar. Na ce wa Inna tsohuwa mura gare ta. Na bar ta wurin Jummai, na ce mata in azahar ta yi ba ta ji daga gare ni ba, ta ba ta nono. Ta ce, "To auren su da Hashim fa?" Na ce ya zama wanta.

Ka tsaya a ƙarshen layin, ta wajen Tasawa. Ga Kawu can a mota yana yi mini oda.

Sai mun iso, in Allah Ya yarda.

Yayarka,
Zara'u